Ƙurajen Haɓa da Ruwan Ganye: Abin da Ake Bari a Rariya

Ranar wata Talata, ana gab da tashi daga aiki, wata mata mai shekara 32 ta shigo ofishina riƙe da takardar da likitan fata ya rubuto mata. Malamar firamare ce, 'ya'yanta biyu. Kafin ma ta zauna sai ta ciro gora daga jaka ta dire a kan tebur, cike da wani ruwa kore mai duhu. Ta ce, "Anti, wata biyu ke nan kullum da safe sai na sha wannan, cikina ba komai. Amma dubi fuskar nan." Ta ɗan ja hijabinta baya. Goshinta fes, kumatun ma da sauƙi, amma daga ƙasan kunne zuwa haɓa manyan ƙuraje ne, irin masu zama can cikin fata su ƙi yin baki, ga baƙin tabon waɗanda suka mutu birjik. Da ta miƙo hannu za ta karɓi biro sai na ga tafin hannunta ya yi ruwan ɗorawa kamar an goga masa kurkum.

Na tambaye ta me ke cikin gorar. Karas huɗu, kokwamba ɗaya, ɗanyen alayyahu, citta. Da ta ji ba ya shawuwa sai ta fara ƙara rabin abarba, dabino biyar da zuma cokali biyu. Ta niƙa a blanda, ta tace da abin tatar koko, dusar kuma ta zuba wa kaji. A waya ta ga haɗin, an ce yana wanke jini, fuska ta yi sumul cikin sati biyu.

Shekara 16 ke nan ina aikin ba da shawara kan abinci a asibiti, kuma a 'yan shekarun nan da wuya wata ya wuce ban ga mai irin wannan gorar ba. Ba na ganin laifinsu. Mace ta wuce shekarun balaga, ta yi aure, ta haihu, sai ga ƙurajen da ta zata ta rabu da su tun tana sakandare sun dawo, ana mata kallon mai ƙazanta ko mai yawan cin maiƙo. Duk wanda ya ce mata ga mafita a kicin ɗinta, dole ta saurare shi.

Kowane ramin gashi a fuska yana da 'yar jakar maiƙo a gindinsa. Sinadaran jiki da ake kira androjin, waɗanda aka fi sani da na maza amma mace ma tana da nata kason, su ne ke tunzura jakar nan ta ƙara fitar da maiƙo. In maiƙon ya yi yawa ya cakuɗe da matattun ƙwayoyin fata, sai bakin ramin ya toshe, wata ƙwayar cuta da dama can take zaune a fatar kowa ta sami wurin hayayyafa, wurin ya kumbura ya yi zafi. Ƙurajen babbar mace ana gane su da wuri da lokaci: sun fi son muƙamuƙi da haɓa da saman wuya, kuma sukan taso kamar sati guda kafin al'ada. Mata da yawa in an auna jininsu sinadaran daidai suke, fatar ce kawai mai saurin amsawa. Datti ba shi ne sanadi ba, shi ya sa dirzar fuska da soso ba ta ƙara komai sai tabo.

To ina abinci ya shigo? Ta hanyar insulin. Duk abincin da ke saurin komawa sukari a jini, kamar burodi, farar shinkafa, fanke da lemon kwalba, yana sa jiki ya saki insulin mai yawa. Shi kuwa insulin aikinsa bai tsaya kan sukari ba. Yana tayar da wani sinadari mai suna IGF-1, yana kuma rage furotin ɗin da hanta ke yi domin ɗaure androjin a jini. Androjin ya sami sakewa, jakar maiƙo ta buɗe wuta.

Mu a makaranta an koya mana cewa abinci ba ruwansa da ƙuraje, na kuma maimaita wa mata da dama wannan magana a farkon aikina, abin da har yau yake damuna. Ɗaya daga tushen maganar wani gwaji ne da aka yi a Amurka a 1969, inda aka ba mutum 65 cakulan aka kwatanta shi da wata alewa mai kama da shi, wadda ita ma maƙare take da sukari da kitse. Da ba a ga bambanci ba sai aka wanke abinci gaba ɗaya, aka yi shekara fiye da 30 a haka. A 2002 wasu masu bincike suka ba da rahoton duba mutum 1,200 a tsibirin Kitaba na ƙasar Fafuwa Niu Gini, masu rayuwa kan doya, dankali, gwaza, kifi da kwakwa, ba su tarar da ko ɗaya mai ƙuraje ba. A 2005 wani likita ɗan Najeriya, Clement Adebamowo, da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka nazarci bayanan ma'aikatan jinya mata fiye da 47,000, suka ga waɗanda suka fi shan madara lokacin 'yan matanci sun fi ba da labarin ƙuraje masu tsanani, musamman masu shan madarar da aka cire wa maiƙo. Sai a 2007, a birnin Melbon na Ostareliya, aka raba samari 43 gida biyu na tsawon sati 12, kuma waɗanda aka sa wa abinci mai jinkirin hawan sukari ƙurajensu sun fi raguwa.

A lura da abu biyu. Raguwa aka gani, ba a ce sun ɓace ba. Sannan a duk waɗannan binciken, abin da aka duba shi ne sukari, farin gari da madara. Ba wanda aka ɗirka wa ruwan karas.

Nan muka zauna da malamar muka yi lissafin gorarta a bayan takarda. Zuma cokali biyu, dabino biyar, rabin abarba: sukarin ya haura giram 80, fiye da na lemon kwalba biyu, kuma a cikin da ba komai. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kamar giram 50 a yini ga babban mutum, in da hali ma 25, kuma ta lissafa zuma da tataccen ruwan 'ya'yan itace a cikinsa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Amma ai na Allah ne, ba na kanti ba." Na ce mata haka ne, sai dai jini bai san daga ina sukari ya fito ba, saurin shigarsa kawai ya sani. Abin da ke rage wannan saurin kuwa shi ne dusar da take zuba wa kaji. Zare-zaren nan na ganye da karas su ne ke riƙe abinci a ciki ya narke a hankali, su ƙosar da mutum, su kuma gyara bayan gida. Kajinta ne suka yi wata biyu suna cin moriyar kuɗinta.

Launin tafin hannun nata na karas ne, ba ya cutarwa, yakan tafi da kansa in an rage. Bambancinsa da ciwon shawara shi ne farin ido ba ya canzawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗanyen alayyahun. Yana da wani sinadari, okzalet, da ke taimakawa wajen haifar da tsakuwar ƙoda in ana ɗirkarsa da yawa kullum, kuma tafasa ganyen a zubar da ruwan yana rage shi sosai. Mai ciwon ƙoda, ko wanda ke shan maganin tsinka jini irin warfarin, kada ya fara shan ruwan ganye sai ya tambayi likitansa. Ga kuma maganar tsabta. Wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake musu ban ruwa, kuma blanda ba ta kashe ƙwayar taifot.

Ban hana ta ganye ba, ƙara mata shi ma na yi, amma a kwano. Mu da muke da kwaɗon zogale da na rama, dambu, miyar kuka, kuɓewa, ayayo, yakuwa, taushe da kabewa, faten wake da ganye, abin mamaki ne a ce sai mun sayi na'ura kafin mu ci ganye. Giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace da ake so mutum ya ci a yini, kwanon kwaɗo ɗaya da gwanda ko lemo guda biyu sun kai shi nisa. Mai son ruwan ganyen don daɗinsa, ta niƙa kokwamba da ɗan karas da citta da lemon tsami, ta sha kofi ɗaya ba tare da tacewa ba, ba zuma ba dabino, kuma tare da abinci.

Babban aikin yana wurin karin safe da abin sha. Ita shayi take sha da madarar gari cokali uku, sukari cokali uku da rabin burodi, bayan gorar. Da rana a makaranta lemon kwalba da cincin. Muka mayar da karin ya zama ƙosai ko alale ko ƙwai, da koko ba sukari ko ɗan kaɗan. Zoɓo ta dafa nata da citta da kanumfari ta rage zaƙin. Game da tuwo ina yawan gyara wata fahimta: mutane na zaton da zarar an bar na shinkafa an koma na dawa ko na gero shi ke nan. Tuwon da aka surfe, aka niƙa laushi, aka tankaɗe, kowane iri ne yana ɗaga sukari. Malmala ɗaya maimakon biyu, miya ta yi yawa, a sa wake ko kifi ko nama, wannan ya fi canza sunan hatsin amfani. Madara kuma na ce ta ajiye ta sati takwas mu gani, domin wasu tana taɓa su, wasu ko a jikinsu. Kindirmo zarginsa bai kai na madara ƙarfi ba, na bar mata shi, in dai ba a cika shi da sukari ba. Mai ciki ko mai shayarwa ba na sa ta wannan gwajin haka kawai. Ita kuwa gyaɗa, wadda iyayenmu suka daɗe suna ɗora wa laifi, ba ta cikin masu ɗaga sukari. In kunun gyaɗa ya yi ɓarna, a tuhumi abin da aka zuba masa.

Akwai tambayoyin da ba na bari mace ta fita ban yi mata ba, ko da ba su shafi abinci ba. Me kike shafawa? Man bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa a roba ba suna, da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke kwantar da ƙuraje na 'yan kwanaki sannan ya dawo da su ninki, fatar ta yi siriri. Kina shan maganin ƙiba? Ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe suna feso ƙuraje a fuska da ƙirji da baya, kuma wannan shi ne mafi ƙanƙantar illarsu. Allurar bitamin B12 da ake yi ba dalili, da garin furotin na madara da masu zuwa motsa jiki ke sha, su ma suna tayar da su ga wasu. Haka allurar tazarar haihuwa ta wata uku ko ashanar hannu, in ƙurajen sun faro bayan sa su, a koma a yi magana da ma'aikaciyar da ta sa, kada a yanke shawara a gida.

Tambayar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce ta al'ada. In tana tsallake wata biyu ko uku, ga gashi na fitowa a haɓa ko ƙirji, ga ƙiba a ciki, ga bayan wuya ya yi duhu kamar datti amma ba ya wankuwa, to ana zargin matsalar ƙwan mace da ake kira PCOS, wadda ke samun kusan mace ɗaya cikin goma. Wannan sai an je wurin likitan mata an yi gwaji, domin tana da alaƙa da jinkirin haihuwa da ciwon sukari nan gaba. Na ga waɗanda suka yi shekara suna tace ganye alhali abin da fuskarsu ke nunawa ke nan.

Magungunan ƙuraje masu aiki suna nan: na shafawa irin benzoyil feroksaid, adafalin da azelayik asid, da na sha irin sifironolakton ga matan da nasu ke bin al'ada. Duk suna buƙatar sati takwas zuwa 12 kafin a ga aikinsu, kuma da yawansu ba su dace da mai ciki ko mai neman ciki ba. Wani na sha mai suna aisotiretinoyin musamman yana nakasa jariri, bai kamata ko kusa a saye shi a kemis ba takarda ba. Ga mu masu baƙar fata jinkiri yana da tsada, domin ƙurji yakan mutu cikin sati biyu amma tabonsa ya yi watanni.

Malamar ta dawo bayan wata uku da ɗan littafin da na ce ta riƙa rubuta ranar al'ada da adadin sababbin ƙuraje. Tana shafa maganin da likitan fata ya ba ta kowane dare, ta bar lemon kwalba, ta rage kilo uku ba tare da ta nema ba. Watan farko ta ƙirga takwas kafin al'ada, na uku ta ƙirga biyu. Da ta mayar da madara sati biyu ba ta ga wani canji ba, sai muka bar mata ita cokali ɗaya a shayi. Tabon haɓar yana nan, ya dai fara dusashewa daga gefe, tafin hannun kuma ya koma yadda yake. Damuwarta yanzu azumi ne da ke tafe, da kunu da soye-soyen buɗa-baki. Muka tsara ta buɗe baki da dabino biyu da ruwa, ta ci kwaɗo ko faten wake kafin ta taɓa kunu, na rubuta mata ta dawo sati biyu bayan Sallah da littafin nata.