Zanen Zurbaran: Mutum Cikin Addu'a

A ƙarni na 17, majami'un Katolika na Turai sun cika da manyan zane-zane. Mutane da yawa ba su iya karatu ba. Shi ya sa shugabannin addinin suka so zane ya koyar da su, ya kuma taɓa zuciyarsu. Salon wannan zamani ana ce da shi Barok.

Zurbaran mai zane ne na ƙasar Ispaniya. An haife shi a 1598, ya yi aiki a birnin Sebil, ya rasu a 1664. Wajen 1635 zuwa 1639 ya zana Faransis na Asiz, wani waliyyin Kirista na Italiya. Zanen yana Landan.

Faransis ɗan wani attajiri ne mai sayar da yadi. Ya bar dukiyar ubansa, ya zaɓi talauci da ibada. Ya rasu a 1226. To, yaya za a nuna ibada a zane, alhali ita a zuciya take? Zurbaran ya yi aiki da abu uku.

Na farko haske. Bayan Faransis duhu ne ƙirin, babu gida, babu itace. Haske ya fito daga gefe guda, ya sauka a kafaɗarsa da hannunsa. Idanunsa suna cikin inuwa, hanci da baki kaɗai ake gani sosai. Mai kallo ba shi da wurin kai ido sai ga mai addu'a.

Na biyu tsayuwar jiki. Faransis ya durƙusa, ya ɗaga kai, baki a buɗe. Ya haɗa hannuwa, ya rungume ƙoƙon kan mutum a ƙirji, don tuna mutuwa.

Na uku tufa. Rigarsa mai kaushi ce, ta tsufa, har da faci. Ɗamararsa igiya ce. Ninkin rigar yana da nauyi, ya sauka har ƙasa bai motsa ba, kamar yadda mai ita ya natsu. Ɗan mai yadi ke nan cikin tsumma, da son ransa.

Tambayoyi
1. Don me aka cika majami'u da zane-zane?
2. Ina hasken ya sauka?
3. Me rigar Faransis ke nunawa game da rayuwarsa?