Darasi: "Na Tsaya Masa" A Gaban Alƙali

A wannan fitowa za mu duba maganar da ba ta ƙarewa a zamanmu, wato bashin shanu, da inda ƙarfin kotu yake tsayawa a kansa.

Kowa ya san yadda abin yake. Ka kai shanu 20 kara, mai saye ya ba da rabin kuɗi, ya ce saura sai ya komo daga Ikko. Ba ka san shi ba, amma mai gidanka ya ce "na tsaya masa". Aka tafa, aka loda. Wata uku shiru, wata shida shiru. To, in ka tafi jastis, me za ka samu?

Nijar, Cadi, Kamaru da Benin duk dokar kasuwanci guda suke bi, wadda ake kira OHADA, da aka ƙulla yarjejeniyarta a 1993. Nijeriya da Gana ba sa ciki. A wannan doka, ciniki tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa ana iya tabbatar da shi ta kowace hanya: shaidu, littafin dillali, takardar loda mota. Wannan ya yi mana daidai, tunda cinikinmu na baki ne.

Amma lamuni ba haka yake ba, kuma a nan ne da yawa daga cikinmu suka sha ƙasa. Doka ta ce alƙali ba ya ɗauka cewa wani ya tsaya wa wani, sai an nuna masa takarda. Takardar ta kasance da sa hannun mai lamuni da na mai bin bashi, kuma mai lamunin ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da kalmomi da kuma lambobi. In bai iya rubutu ba, sai shaidu biyu su tabbatar shi ne, yana wurin, kuma an yi masa bayanin nauyin da ya ɗauka. Ke nan "na tsaya masa" ɗin da aka faɗa ƙarƙashin rumfa, ko mutum goma sun ji, tana da nauyi wajen sarkin kara da dattawa, amma kada ka dogara da ita a kotu. Mun san neman takarda wajen mai gidan da ubanka ya sauka gidansa yana da nauyin baki. Gaskiya ne. Sai dai mai gida na ƙwarai ba ya jin haushi, don takardar tana kare shi ma: ba za a bi shi fiye da abin da ya rubuta ba.

Sai lokaci. Bashin sayar da kaya tsakanin ƴan kasuwa, shekara 2 doka ta ba ka ka kai ƙara. Mu kuwa kunya ce take cin mu: bari sallah ta wuce, bari ya farfaɗo, ai surukin wane ne. In wa'adin ya cika, wanda kake bi yana iya ce wa alƙali lokaci ya wuce, a kori ƙarar, alhali kowa ya san kana da gaskiya. Dabara ɗaya ita ce duk sanda ya kawo wani abu, ya sa hannu cewa saura kaza. Amsa bashin da ya yi yana sa a sake ƙirga daga farko.

Yanzu mu ce ka yi nasara a kotun Maraɗi. Mutuminka yana Jibiya, ko Agege, dukiyarsa duk tana can. Hukuncin da ke hannunka ƙarfinsa ya ƙare a Ɗan Isa. Sai ka ɗauki lauya a Nijeriya, a juya takardun daga Faransanci zuwa Turanci, ka roƙi kotun can ta karɓi hukuncin. Ko tsakanin Nijar da Cadi ma, da dokarsu ɗaya, sai alƙalin ƙasar ya ba da izini kafin a taɓa kayan mutum. Ka lissafa kuɗin mota, masauki da lauya, ka gwada da kuɗin sa biyu ko uku da kake bi. Kuma kotu ba ta ƙera kuɗi. Abin da aka samu da sunansa shi ake kamawa, in babu, takarda ce kawai za ka ajiye.

A rubuta kuma da wane kuɗi za a biya, sefa ko naira. Manyanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya, kuma mun ga faɗuwar naira a 2023.

Akwai cinikin da ba a ma kai shi kotu. Wanda ya yi jinga da wani ya ƙetare masa da shanu ta ɓarauniyar hanya, ba takardar duwan, kamar yadda wasu suka yi sanda Nijeriya ta rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, in aka cuce shi alƙali ba zai tilasta cika alkawarin da aka gina kan karya doka ba. Wataƙila ma a tambaye shi ina takardun shanun.