Idan Za Ku Koma Ingila da Yara

Idan magidanci ya samu aikin likita a Mancesta, ko gurbin digirin digirgir a Landan, shi ake yi wa barka, shi ya cike takardu, shi ya san ranar tashi. Yaro ba wanda ya tambaye shi. Sai dai ya ga ana sayar da kujerun falo, an bai wa ɗan maƙwabta kekensa, in ya yi tambaya a ce masa "za mu je mu dawo." Wannan ƙaryar ce nake roƙon iyaye su daina. Yaron da aka ce wa hutu za a je, in ya ga an saya masa kayan makaranta a can, ba zai ƙara yarda da maganarku ba, kuma a lokacin ne ya fi bukatar ya yarda da ita. Ku faɗa masa da zarar biza ta fito: za mu daɗe, Kaka ba za ta bi mu ba, za ka canza makaranta. In ya yi kuka ku bar shi ya yi. Ku kai shi Islamiyyarsu ya yi sallama da malaminsa, ku bar shi ya zaɓi abin da zai sa a jakarsa, ko da tsohuwar ƙwallo ce.

Kafin ma a kai nan, a tabbatar bizar ta yarda a tafi da iyali. Tun watan Janairun 2024 mafi yawan masu zuwa karatun digiri na biyu ba su da damar tafiya da mata da 'ya'ya, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, kuma a watan Maris na shekarar aka rufe wannan ƙofa ga masu aikin kula da tsofaffi.

In kuna da zaɓi a kan lokacin tafiya, ku sauka a watan Agusta. Shekarar karatu a Ingila tana farawa farkon Satumba, kuma shekaru ake dubawa wajen sa yaro aji, ba ƙoƙarinsa ba. 'Yarku da aka tsallakar da ita aji biyu a Kano saboda hazaƙa za ta koma cikin sa'anninta, ku shirya mata zuciya kada ta ɗauka an mai da ita baya ne. Wanda abin ya fi yi wa nauyi shi ne ɗan shekara 14 ko 15, domin karatun jarrabawar GCSE na shekara biyu ne, ana rubuta ta yana ɗan 16. In ya shiga a tsakiya, sai ya yi da gaske. A ganina, yaron da ya rage masa shekara ɗaya ya rubuta WAEC, gara a yi shawara sosai kafin a tumɓuke shi. Makarantar gwamnati kyauta ce, amma ƙaramar hukuma za ta nemi shaidar adireshi, saboda haka gida ake fara samu kafin makaranta. Ku riƙo katin rigakafi da sakamakon jarrabawa a jakar hannu, kuma ku yi wa kowa rajista wajen likitan unguwa, wanda suke kira GP, a makon farko.

Kowa sanyi yake tsorata yara da shi, alhali sanyi maganinsa riga. Duhu ne ba a faɗa musu. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, yaro ya taso makaranta ya tarar magariba ta kusa. A watan Yuni kuma har bayan tara na dare da sauran haske, ka ce ya kwanta ya ce ai ba a yi isha'i ba. Labule mai kauri yana taimakawa. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar shan bitamin D daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata kuwa duk shekara.

Amma babbar asarar yaron Bahaushe a can mutane ce. Ya tashi a gidan da in uwa ta tsawata masa ya gudu ɗakin kaka, in ya leƙa ƙofar gida ya tarar da yara goma. Yanzu yana ɗaki biyu a saman bene, maƙwabcin ƙasa yana ƙorafin ƙarar gudu. Za ku ga mai surutu ya yi shiru, wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, wata ta ƙi cin abinci, wani ya riƙa ciwon ciki kowace safiyar Litinin. Ba iskanci ba ne, kewa ce. Ku tsayar da rana ɗaya a mako ta kiran gida da bidiyo, kuma ku ba shi wayar shi kaɗai, ya ce "Kaka, ina wuni?" ya yi hirarsa ba kuna tsaye a kansa ba. Lokaci bai da wahala: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Najeriya da na Ingila ɗaya ne, sauran watannin Najeriya ta riga Ingila da awa ɗaya. Ku nemi masallaci mai Islamiyyar ƙarshen mako, ku nemi iyali ko da ɗaya ne masu yara sa'anninsa. Ku dage da Hausa a gida. Turancin zai zo da kansa, har ya fara gyara muku naku, Hausar ce za ta gudu in ba a riƙe ta ba.

Akwai abin da iyaye ne za su gyara, ba yara ba. Sikotland ta haramta dukan yara gaba ɗaya a 2020, Wales ta bi a 2022, a Ingila ma dukan da ya bar shaida a jiki yana iya kai mutum kotu. Malamai kuwa aikinsu ne su sanar da hukuma in yaro ya ce an zane shi. Kada maganinku ya zama koya masa ɓoyewa, ku ajiye bulalar tun a gida. Haka nan barin 'yar shekara takwas ta yi renon ƙannenta ku tafi aiki, abin da ba komai ba ne a Zariya, a can yana jawo ma'aikatan kula da yara har ƙofa. Ranar Sallah makaranta tana ba da izini in an sanar da ita, amma in kuka kwashe yara zuwa bikin ƙanwa a tsakiyar zango, tarar tana farawa daga fam 80 kan kowane yaro, uwa nata, uba nasa.

Batun guzuri: doka ta hana shiga da nama da kayan madara daga Najeriya, don haka kilishi da dambun nama da man shanu a cinye su kafin a tafi filin jirgi. Kada ku yi wa yara alkawarinsu. Doya, agushi, manja da garin rogo duk ana samu a shagunan Peckham a Landan, naman halal kuwa kusan kowane babban gari akwai mahauci. Daren farko, in da hali, a tuƙa musu tuwo.