Tsofaffin Katun na Kirsimeti: Wanda Za a Saya da Yadda Za a Kalla da Yara

Da zarar Amurkawa sun gama bikin Godiya, wato Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, sai gidajen talabijin su fara zaro wasu tsofaffin katun daga ma'ajiya, waɗanda suka girmi iyayen yaran da ke kallonsu a yau. Gajeru ne, yawancinsu ba su cika rabin awa ba, kuma manyan cikinsu an yi su ne a shekarun 1960 don a nuna sau ɗaya tak a shekara. Bahaushen da ke zaune a New York ko Houston ko Landan ba shi da hanyar kauce musu, domin yaro zai dawo daga makaranta bakinsa cike da Rudolph da Grinch. A gida ma, a Jos ko Kaduna ko Kano, sukan shigo cikin tsarabar 'yan'uwa ko ta intanet, daidai lokacin da yara ke zaman hutun Disamba suna neman abin yi.

Shawarata ta farko, wadda sauran duk suka rataya a kanta: uba ko uwa su fara kallon fim ɗin su kaɗai kafin a tara yara. Ba don akwai batsa a ciki ba. Ta wannan fuskar sun fi yawancin abin da ke yawo a wayoyin yara tsabta nesa ba kusa ba. Dalilin shi ne kwalinsu duk iri ɗaya ne, ja da fari da dusar ƙanƙara, amma cikinsu ya sha bamban. Musulmin da ya ɗauka dukkansu wa'azin coci ne zai yi mamakin ganin yawancinsu ba su ko ambaci addini ba. Kiristan da ya saya don 'ya'yansa su ji labarin haihuwar Almasihu shi ma zai iya kallon uku a jere bai ji an kira sunansa ba, sai Santa Claus da buhun kyaututtuka. Minti 25 ya ishe ku gane wanne kuka riƙo.

Idan yaranku ƙanana ne, ko Turancinsu bai nuna ba, ku fara da The Snowman. Na Ingila ne, tashar Channel 4 ta fara nuna shi a 1982, daga littafin Raymond Briggs. Labarin ba ya tafiya da magana ko kaɗan, sai kiɗan Howard Blake da waƙa guda ɗaya. Yaro ne ya gina mutum da dusar ƙanƙara, cikin dare mutumin ya rayu, suka zaga gida, suka tashi sama. Ba a buƙatar tafinta, har kaka za ta bi shi daga farko har ƙarshe. Sai dai ku shirya: da gari ya waye mutumin ya narke, kuma a nan fim ɗin ya tsaya, babu lallashi. Ɗan shekara huɗu zai iya fashewa da kuka, to kada ya zamana kin tafi duba tukunya a daidai wurin, uwargida.

Rudolph the Red-Nosed Reindeer shi ne babbansu, kuma ya fi su tsawo, wajen minti 50. Tashar NBC ta fara nuna shi ranar 6 ga Disamba, 1964. Kamfanin Arthur Rankin da Jules Bass ne ya shirya shi, amma hannun da ya yi aikin na Japan ne: a Tokyo, ƙarƙashin Tadahito Mochinaga, aka riƙa motsa 'yan tsana kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa tafiyarsu take da ɗan tsalle-tsalle, kuma yaron da ya saba da katun ɗin kwamfuta zai ce ya lalace. Ku gaya masa yadda aka yi shi. Mai waya ma zai iya gwadawa da 'yar tsanar gida da hotuna talatin, ya ga yara sun manta da talabijin ɗin gaba ɗaya.

Labarin wata irin barewa ce ta ƙasashen sanyi, ɗan namiji da aka haifa da jan hanci mai haske. Ubansa ya ji kunya ya rufe hancin, tsaransa suka yi ta masa dariya, shi kansa Santa bai nuna halin dattako ba. Sai ya gudu tare da wani ɗan ma'aikacin Santa da ya ƙi sana'ar yin kayan wasa, shi likitan haƙori yake son zama. Akwai dodon ƙanƙara mai ruri wanda yakan firgita 'yan ƙasa da shekara biyar, a zaunar da su kusa da babba. Abin da ya fi amfani a fim ɗin, a ganina, tambayar da za a yi bayan an kashe: Santa bai ga darajar hancin ba sai da guguwa ta rufe hanya yana neman fitila, to da hancin bai taɓa yin amfani ba fa? Yaron da ake tsokana a makaranta saboda in'ina, ko launin fata, ko sunan da malamai suka kasa furtawa, yana da amsa, kuma wataƙila ranar ce za ku fara jinta. Masu kallo ma sun taɓa yin irin wannan ƙorafi: a nunin farko an manta da kayan wasan da aka yasar a wani tsibiri saboda naƙasarsu, wasiƙu suka yi yawa, a 1965 aka ƙara wurin da Santa ya koma ya kwashe su.

A Charlie Brown Christmas, na tashar CBS a 1965, shi ne wanda ya fi buƙatar ku yanke shawara tun kafin a kunna. Charles Schulz ya rubuta, Bill Melendez ya ba da umarni, aka ɗauki muryoyin yara na gaske maimakon manya masu kwaikwayo, aka ƙi saka naɗaɗɗiyar dariyar 'yan kallo, aka ɗora kiɗan jaz na Vince Guaraldi. Manyan tashar ba su ji daɗinsa ba da suka gani, amma kusan rabin masu kallon talabijin a Amurka a daren shi suka kalla. Charlie Brown yaro ne da ya gaji da yadda biki ya koma ciniki, har ya tambaya ko akwai wanda ya san ma'anarsa. Nan abokinsa Linus ya tsaya a dandamali ya karanto Bisharar Luka, sura 2, aya 8 zuwa 14, inda mala'ika ya yi wa makiyaya albishir. A ƙarshe kuma yaran suka rera waƙar coci. Ga gidan Kirista, wannan ne ya fi cancantar kuɗinku a cikinsu duka. Ga gidan Musulmi, zaɓi biyu ne: a bar shi, ko a kalla tare a ce wa yaro ga abin da maƙwabtanmu suka yi imani da shi, ga kuma yadda Suratu Maryam ta kawo haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Kowanne kuka ɗauka daidai ne. Wanda ba daidai ba shi ne a kunna a fita, yaro ya zo da tambaya a rasa daga ina ta fito. Wani abin lura ga kowane gida: yaran cikin fim ɗin suna da kaifin baki, suna kiran juna wawa da daƙiƙi, kuma babu babba ko ɗaya da ya bayyana balle ya tsawatar. Wannan aikin ya rage gare ku.

How the Grinch Stole Christmas! na 1966, aikin Chuck Jones daga littafin Dr. Seuss, da muryar Boris Karloff, ya fi su duka kyawun zane da ban dariya. Wani mai baƙin ciki ne ya sace kayan bikin gari kaf, ya zauna jiran jin kuka, sai ya ji waƙa. Turancinsa mai ƙafiya ne, cike da kalmomin ƙirƙira, don haka a kunna rubutun ƙasa. Frosty the Snowman na 1969 kuwa na 'yan ƙanana ne, ba shi da nauyi. Akwai hular sihiri, akwai kuma yarinyar da ta hau jirgin ƙasa ba da sanin iyayenta ba, sai a yi magana a kan wannan. The Little Drummer Boy na 1968 ni ban ba da shawararsa ba. 'Yan fashin sahara sun kashe iyayen yaron tun a farkon labari, kuma an zana Larabawan ciki a matsayin mayaudara masu kwaɗayi. Yakan zo a cikin akwati ɗaya da Rudolph da Frosty, to ku san yana nan.

Sai maganar saye. Me zai sa a nemi faifai a zamanin da komai yana intanet? Domin haƙƙin nuna waɗannan finafinai yana canza hannu. Charlie Brown ya yi shekaru fiye da hamsin ana kallonsa kyauta a CBS sannan ABC, a 2020 kamfanin Apple ya karɓe shi zuwa manhajarsa ta biyan kuɗi. Abin da manhaja ke nunawa a Amurka kuma ba lalle ta nuna shi a Najeriya ko Nijar ba. Faifai sau ɗaya ake biya, ba ya cin data, ba ya katsewa da talla, ba ya kuma jan yaro zuwa wani bidiyon da ba ku zaɓa ba idan ya ƙare. DVD ya wadatar. An yi waɗannan ne don ƙaramar talabijin ta shekarun 1960, ba sai an kashe kuɗin na'urar 4K a kansu ba. Kaset na VHS kuwa, duk arahar da kuka gan shi a shagon gwanjo, ku wuce. Kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urarsa, ya daina tun 2016.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne lambar yanki. An raba duniya shiyya-shiyya a kan DVD: Amurka da Kanada lamba 1, Turai da Gabas ta Tsakiya lamba 2, Najeriya da Nijar da Ghana da yawancin Afirka lamba 5. Lambar tana bayan kwali, cikin ɗan hoton duniya. Na'urar da aka kulle ba za ta karɓi faifan wata shiyya ba. Da yawa daga cikin masu arahar da ke kasuwanninmu a buɗe suke, amma kada ku dogara da rantsuwar mai shago, ku tafi da faifan a gwada a gabanku. A Blu-ray haruffa ne: Amurka A, Turai da Afirka B, saboda haka wanda aka sayo a Ingila ya dace da namu, na Amurka kuwa sai an duba. Mai kallo a kwamfuta ya kiyaye, sau biyar kawai take yarda a sauya mata shiyya, daga nan ta kulle a kan ta ƙarshe; manhajar VLC takan buɗe faifai da yawa ba tare da an taɓa wannan ba. Idan kuma ɗan'uwa zai haɗo da na'urar daga Amurka, a karanta bayanta tukuna. Wutarsu 120 ce, tamu 230. In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, sai da taransfoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za a kalla.

Ku duba shekara, kada ku tsaya a suna. Grinch uku ne: na 1966 da muke magana, na 2000 wanda Jim Carrey ya fito da barkwancin da bai dace da ƙananan yara ba, da na kwamfuta na 2018. Frosty Returns na 1992 ana yawan cusa shi kusa da na asali, alhali ba kamfanin Rankin da Bass ya yi shi ba. Faifan nan na bakin titi mai fim ashirin a ciki, ban da kasancewarsa kayan sata, ba ku san me aka gwamutsa a tsakani ba.

Ranar kallo, hoton zai fito da baƙaƙen ginshiƙai a hagu da dama. Ba lalacewa ba ce, haka fuskar talabijin take a da, kusan murabba'i. Kada a danna rimot a miƙe shi, kowa zai koma gajere mai faɗi. Guda ɗaya a dare ya isa, bayan an ci abinci, wayoyi a ajiye har da ta maigida. A tsayar a fassara inda ya kamata, amma ba kowane layi ba. Babban wa ko babbar ya sukan yi tafintan da ya fi na iyaye armashi. Idan Janairu ya kama, a mayar da faifan cikin kwalinsa a ɗaga sama. Kamar tashe ne, daɗinsa a lokacinsa. Wanda aka bar wa yara suna kunnawa har Yuni, kafin shekara ta zagayo ya gundure su, faifan ma ya sha ƙarzuna.

Ku kuma sa ran roƙo zai ƙaru a makon. Ba haka kawai ba ne: Robert May ya ƙirƙiri Rudolph a 1939 don ɗan littafin da kantin Montgomery Ward ke rabawa masu sayayya, General Electric ya ɗauki nauyin fim ɗinsa, Coca-Cola ya ɗauki na Charlie Brown. Tambayar da za ta biyo baya kuwa sananniya ce: Baba, Santa zai zo gidanmu? A faɗi gaskiya cikin sauƙi, tatsuniyar mutanen can ce, iyaye ne ke sayen kyautar. Amma ku da ke zaune a Amurka ko Ingila ku haɗa da gargaɗi: kada yaron ya je aji gobe ya tona wa 'yan shekara biyar asiri. Iyaye da yawa a can suna ɗaukar wannan da muhimmanci sosai, kuma ku ne malamar ajin za ta kira a waya, ba shi ba.