Darasi: Mari Ba Ya Warkar Da Mashayi

Karatu: Markus 5:1-20; Luka 15:11-32

Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa mutane miliyan 14.3 sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Waɗansunsu 'ya'yanmu ne da muka yi wa baftisma. Iyaye sukan tambaye mu: a ɗaure yaron, ko a jira ya yarda da magani?

1. Hanyar tilas. A watan Satumba na 2019, 'yan sanda sun fitar da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa. A shekarar nan kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta tarar da irin wannan ɗauri a gidajen addu'a na Kirista, saboda haka laifin ya shafe mu. Ga wani hatsari kuma: wanda aka raba da kodin ko tiramadol da ƙarfi, jikinsa yakan rasa sabo. In ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, yana iya mutuwa. Mutumin Garasa ya tsinke kowace sarƙa, bai natsu ba sai da Yesu ya yi magana da shi.

2. Hanyar rage cutarwa. A nan likitoci sukan ba mashayi allura mai tsabta domin kāre shi daga cutar ƙanjamau, da maganin naloxone mai dawo da numfashin wanda ƙwaya irin kodin ta sumar. Katekisim na Ikilisiya, lamba 2291, ya koyar cewa shan ƙwaya ba bisa dalilin jinya ba babban laifi ne, kuma ba mu janye wannan ba. Amma ceton rai wajibi ne, gama mai rai ne kaɗai yake iya tuba.

3. Hanyar yarda. A 1983 Sista Elvira Petrozzi ta buɗe gidan Cenacolo a Saluzzo, ƙasar Italiya, inda matasa ke shiga da son ransu, suna warkewa ta wurin addu'a da aiki da zumunci. Uban ɓataccen ɗa ma jira ya yi, yana duban hanya.

Tilas tana da wurinta kaɗan: sa'ad da mutum yake shirin kashe kansa ko wani. Ko a nan, sai a asibiti, a hannun likita, na ɗan lokaci, bisa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023.

Tambayoyi domin nazari:
1. Idan muka ɗaure ɗa, lafiyarsa muke nema ko rufin asirinmu?
2. Wane ne a majami'armu zai raka mashayi asibiti a wannan wata?