Yadda ake fara sana'ar awo ba tare da an cinye uwar kuɗi ba

Duk shekara idan kaka ta yi a Burkusuma da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sai ka ga sabbin ma'auna sun fito. Wani ya sayar da ragonsa, wani ya ɗauki adashi, wani kuma ya dawo daga cirani da 'yan kuɗi a aljihu. A shimfiɗa tabarma, a zuba gero da dawa da wake, a ɗora tiya a kai. Kafin ruwan farko ya sauka, da yawansu sun naɗe tabarmar. Ba don masu saye sun ƙare ba, ai hatsi ba ya kwantai a ƙasar Gobir. Uwar kuɗin ce ta zurare a hankali, mai ita bai ankara ba sai ranar da ya je sari ya ga abin da ke hannunsa bai kai buhun da ya saba ɗauka ba.

Abin da ake fara yi, tun kafin a taɓa kuɗi, shi ne zama a gindin wanda ya riga ka. Nemi tsohon ma'auni, ka yi masa yaron shago ko da kaka ɗaya ce. Ka riƙe masa bakin buhu, ka bi shi Sabon Birni da Isa, ka bi shi Shinkafi ranar Alhamis. A nan za ka koyi abin da ba a faɗa da baki: yadda ake cusa hannu har tsakiyar buhu domin na sama kullum mai kyau ne, yadda ake tauna ƙwaya a ji ko ta bushe, da yadda ake gane geron bara da aka gauraya da na bana. Samarinmu na jin wannan zaman kamar ƙasƙanci ne. Ni kuwa ban taɓa ganin makarantar da ta fi shi araha ba.

Daga nan sai rabon kuɗi. Kada duk abin da ke hannunka ya tafi sari ɗaya. Kasa shi uku: kaso mafi girma na kaya, ƙarami na ɗawainiyar hanya, sauran kuma a ajiye kamar babu shi. Sabon ɗan kasuwa ya fi son a ga buhuna jibge a bayansa, sai ya zuba komai, ranar da farashi ya faɗi ko mota ta lalace a hanya ya rasa ko na ɗan dako. Idan jarin na wani ne, ko na haɗin gwiwa da ɗan'uwa, a yi magana a gaban shaidu tun ranar farko: nawa kowa ya sa, yaya za a raba riba, wa zai ɗauki asara. Kunyar wannan maganar ta raba zumunci da yawa.

Yanzu ga inda aka fi faɗawa rami, wato lissafin buhu. Kowa ya san ana cewa babban buhun gero tiya 40 ne. To, kai kada ka yarda sai ka auna da taka tiyar, domin tiyar mai sayar maka da wadda za ka sayar da ita ba lallai su zo ɗaya ba. Bari mu ɗauki misali da kuɗin da na ƙaddara kawai don lissafi ya fito. Ka sayi buhu naira 60,000. Kuɗin mota 2,000, dako a can da nan 500, la'adar dillali 500. Buhun ya tsaya maka 63,000 ke nan. Da ka zo gida ka sheƙe, ka fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi, ga gyaran da kake yi wa masu saye, sai tiya 38 ta fita. Kowace tiya ta tsaya maka kusan naira 1,660. Amma sabon ma'auni sai ya raba 60,000 gida 40, ya ce 1,500 ce, ya sayar 1,600 yana murnar ribar 4,000. Alhali abin da ya shigo 60,800 ne, ya yi asarar 2,200 a buhu guda, kuma da fara'a ya yi ta. Buhu goma a haka, rago ya tafi.

Ƙanena ya yi wannan a gaban idona. Wata uku yana awo, kasuwa na ci, har ya sauya waya. Da muka zauna muka ƙirga, buhu shida da ya fara da su sun koma huɗu da rabi. Kuɗin da ke aljihunsa kuwa sun fi na farko yawa, shi ya sa ya yi ta musu.

Wannan musun nasa shi ne darasi na gaba, kuma a ganina ya fi kowanne. A wannan zamani ba a ƙirga jari da naira, da buhu ake ƙirga shi. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 500 da wani abu, kuɗin mota ya bi ta, hatsi ya bi kuɗin mota. Wanda ya sayar da tsohon kayansa a kan tsohon farashi ya ga riba a takarda, amma da ya koma sari bai iya maye gurbin abin da ya fitar ba. Don haka kafin ka yanka farashin yau, tambayi nawa za ka sayo irinsa gobe. Ranar kowace kasuwa da dare ka ƙirga: buhu nawa ke ƙasa, buhu nawa kuɗin hannu za su saya. Abin da ya ɗaru a kan adadin farko shi ne riba. Daga cikinsa ne za ka yanka wa kanka albashi sananne, na cefane da na biki. Tiyar da aka ɗiba aka kai cikin gida ma a rubuta ta, a biya, ko da kai ne mai gidan.

Sai bashi. An ce hanji ne, yana cikin kowa, kuma a gari irin namu inda kowa ɗan'uwan kowa ne ba za ka ce ba ka bayarwa ba. Gwaggonka za ta aiko, abokin mahaifinka zai ce a zuba masa zuwa ranar kasuwa. Abin yi shi ne ka sa wa bashi iyaka, misali abin da ke waje kada ya wuce buhu ɗaya cikin goma, kuma ka sayi littafi na naira kaɗan ka rubuta suna da rana da adadi, da boko ko da ajami. Wanda ya ji haushin rubutun, tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda ka san ba zai biya ba kuma ba ka iya hana shi, ba shi tiya ɗaya kyauta daga ribarka, ya fi maka a kan tiya biyar da za ka yi shekara kana bi.

Ajiya ba ta da wuya idan an kiyaye. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora shi a kan itace. Wake shi ne mai rigima saboda ƙwari. Akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: a bushe waken sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Masu barbaɗa maganin feshi a abinci suna cutar da jama'a, kuma irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Akwai kuma abin da ɗan kasuwar Kano ba ya lissafawa amma mu dole ne: iyakar Nijar da hanya. Gobirawan Tsibiri da Maraɗi 'yan'uwanmu ne, ciniki tsakaninmu ya girmi iyakar kanta. Sai dai an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Wanda duk sarinsa ko duk masu sayensa ke tsallake, ko ya ci bashi da sefa yana sayarwa da naira, rana ɗaya zai wayi gari a tsaye. A samu wurin sari biyu, a samu masu saye na gida.

Halin tsaro kuwa ba sai na faɗa wa mutumin Sabon Birni ko Isa ba. Kada a tara kaya duka a ɗaki ɗaya, kada a sanar da ranar tafiya sari, kada a ɗauki kuɗi masu yawa a jiki. Tura kuɗi ta waya ko ta mai POS ya rage wannan haɗarin, amma shi ma ba a jingina da shi gaba ɗaya. A Satumba 2021 an katse layukan waya a yankinmu, a farkon 2023 kuma canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya har manomi ya ƙi karɓar komai sai ita. Riƙe kaɗan a hannu, kaɗan a asusu, mafi yawa a kaya.

Idan shekara ta zagayo kuma dukiyar ta kai nisabi, a ƙiyasta kayan da kuɗin a fitar da zakka, ɗaya bisa 40. Maganar ƙara sana'a ta biyu, ko kama shago, ko sayen babur, a bar ta tukuna. Kai da ke shirin shimfiɗa tabarma a kakar bana, fara da buhu biyu ko uku, ka juya su har damina ta wuce. Idan ka ƙirga ka same su cif ko sun ƙaru, sannan ka je ka ƙaro.