Haƙƙin Dabbobi da Gida a Kan Mai Doguwar Tafiya

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, kowa ya san cewa da an gama cika rumbuna, magidanta da samari na Madawa da Buza da Keita suna ɗaure kaya su tafi cin rani, abin da muke kira biɗa nan Adar. Wasu Kano ko Legas, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya. Wasu kuma Allah Ya kira su aikin Hajji. Kowannensu yana barin wani abu mai rai a bayansa: awaki a turke, tumaki, jaki, kaji, karen gadi, har da kyanwar da ke tsare masa rumbu daga ɓeraye. Darasinmu na wannan karon a kan waɗannan bayin Allah ne da ba su da bakin kai ƙara.

Abin da ya jawo shi kuwa, wata rana bayan La'asar maƙwabta biyu suka tsayar da mu a ƙofar masallaci. Ɗayan ya yi wata bakwai a Abijan. Ranar da zai tafi ya kora awaki huɗu da jaki gidan maƙwabcinsa, ya ce: "Ga amana nan, sai na komo." Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Da ya komo ya tarar akuya ɗaya ta mutu, jaki ya rame yana da gyambo a baya saboda jigilar ruwa. Shi yana neman a rama masa akuya, maƙwabci kuma yana neman kuɗin dusa da harawa na wata bakwai. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kunya ce ta hana su magana a farko, sai ga shi abin da suka ji kunyar faɗa a asirce sun faɗe shi a gaban jama'a.

Mu fara da asali. Ciyar da dabba da shayar da ita wajibi ne a kan mai ita, kuma tafiya ba ta sauke masa wannan nauyi. Malaman mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, sun tabbatar da cewa idan babu makiyaya, mai dabba zai ciyar da ita, in ya ƙi a tilasta masa sayarwa. Kuma ya inganta a cikin Buhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema wa kanta ba. Kyanwa ce fa, ba raƙumi ba. To, wanda ya ɗaure akuya a watan Afrilu, lokacin da tudun Adar babu ko tsinke, ya hau mota bai bar mata tiya ɗaya ta dusa ba, sai ya auna kansa da wannan hadisi.

Barin dabba a hannun wani yana da fuska biyu a Shari'a, kuma yawancin rigimarmu daga gwama su take tasowa.

Fuska ta farko ita ce ajiya, wadda fiƙihu ke kira wadi'a: mutum ya karɓi dabbarka don Allah da zumunci, ba da lada ba. Wannan amintacce ne. Idan dabba ta mutu ko aka sace ta ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa. Amma ba shi da ikon amfani da ita sai da izni. In ya ɗora wa jakinka jarkoki ba ka yarje masa ba, jakin ya halaka a cikin aikin, ya ƙetare iyaka, ramuwa ta hau kansa. Haka kuma karɓar ajiya ba ta mayar da abincin dabbar ya zama nauyinsa. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta kawo wata ƙa'ida da ya kamata kowa ya riƙe: mai ajiya idan ya ce ya mayar, ana gaskata shi, sai fa in da shaidu ya karɓa, to nan sai ya mayar da shaidu, in kuwa ya ce abin ya salwanta, ana gaskata shi.

Fuska ta biyu ita ce ijara, wato ka ɗauki mutum aiki da lada. Wannan ba abin kunya ba ne ga mai bayarwa ko mai karɓa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan ƴan ƙiraɗai kafin a aiko shi. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi aiki a Madyana a kan wa'adi sananne, shekara takwas, in ya cika goma daga gare shi ne, kamar yadda Suratul Ƙasas ta ba da labari. Sharaɗin ijara shi ne lada ta zama sananniya, aiki sananne, wa'adi sananne. "Jika kaza kowane wata," ko "tiya kaza ta hatsi," wannan ya inganta. "Zan ga abin da zan yi maka in na komo," wannan ba ciniki ba ne, ƙofar husuma ce.

A nan sai mu tsaya kan wata al'ada da ta yawaita: a ce wa mai kiwo ladarsa ita ce ɗa guda cikin abin da akuyar za ta haifa. A mazhabarmu wannan bai inganta a matsayin lada ba, domin abin da ke ciki, balle wanda ba a yi cikinsa ba, ba a san zai zo ko ba zai zo ba. Garari ke nan. Akwai ruwaya daga Imamu Ahmad da ta halatta ba da dabba a kan wani rabo na abin da ta samar, kuma Ibnu Taimiyya ya zaɓe ta, saboda haka ba ma tsananta wa wanda ya bi ta. Sai dai mu abin da muke ba da shawara a kansa shi ne a yanke lada sananniya, in akuya ta haihu kuma mai ita ya ga dama ya yi kyauta da ɗan. Kada kuma a gwama wannan da habbanaye na ƴan'uwanmu Fulani, domin shi taimako ne, ba ladar aiki ba.

Wanda aka ɗauka kiwo shi ma amintacce ne, ba ya ramawa sai da sakaci ko ƙetare iyaka. In ya ga dabba za ta mutu ya yanka ta don kada ta yi mushe, Shaihu Halilu ya ce ana gaskata shi. Asalin wannan yana cikin Buhari: kuyangar Ka'abu ɗan Maliku tana kiwo a dutsen Sal'u, ta ga tunkiya za ta mutu, ta fasa dutse ta yanka ta, Annabi ya yi umurni a ci. Game da ƴaƴan da aka haifa bayan tafiyarka, kiwonsu bai lizimce shi ba sai in al'adar gari ta gudana a kan haka, don haka gara a ambace su tun farko.

Abin da aka fi mantawa shi ne jinkiri. Mai tafiya yana ƙidaya wata huɗu, Allah Ya ƙaddara goma. Mun ga yadda yaƙin Libiya na 2011 ya rutsa da ƴaƴanmu. Mun ga Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023 har cikin 2024. Mutane da yawa sun maƙale, kuɗin aike ya yanke. Saboda haka ka faɗa wa wanda ka bar wa, a gaban shaidu biyu, abin da zai yi in ka wuce wa'adi kuma abinci ya ƙare: wace dabba ka yarje masa ya kai kasuwar Tunfafi ko ta Ibohaman ya sayar don a ciyar da sauran, nawa zai iya kashewa wajen likitan dabbobi ba sai ya tambaye ka ba, wa zai tuntuɓa cikin danginka. Ka ambaci nono, na wa ne. Ka ambaci jaki, a yi aiki da shi ko a'a. Ayar bashi a ƙarshen Suratul Baƙara ta koya mana rubutu da kafa shaidu, kuma rabin takarda ya ishi wannan duka. Yanzu da Allah Ya kawo salula da gidajen aiken kuɗi irin su Nita da Al Izza, uzurin "ban sami mai zuwa ba" ya ragu ƙwarai.

Kada mu ce wannan ya shafi maƙwabci kaɗai. Sau da yawa uwargida ake bar wa garke, ita ce jan ruwa a rijiya mai zurfi, ita ce neman kara, har ta sayar da akuyarta ta ciyar da ta mijinta. Dukiyarta tata ce. Abin da ta kashe a kan dabbobinka, in ba kyauta ta yi niyya ba, bashi ne a wuyanka. Haka almajiri ko saurayin da ka sa ya riƙa kwana a zaure yana zuba wa kaji tsaba, yana ba kare abinci. Ƙarancin shekarunsa bai rage haƙƙinsa ba. Hadisi Ƙudusi a Buhari ya lissafa wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya ci moriyar aikinsa bai biya shi ba, cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su Ranar Ƙiyama. Alhajin da ya biya kuɗin kujera ya bar wannan yaro da alkawarin tsaraba, ya fara biyansa kafin ya tafi filin jirgi.

Su kuwa maƙwabtan nan biyu, da muka zauna da su muka ga al'amarinsu ajiya ce. Akuya ta mutu da ciwo, babu sakaci, saboda haka babu ramuwa. Dusa da harawa aka ƙiyasta da farashin lokacin da aka saya, mai dabbobi ya biya. Jaki kuma, da yake an yi aiki da shi ba da izni ba, maƙwabci ya ɗauki nauyin maganinsa har ya warke. Da kaka ta zagayo mutumin zai sake tafiya, su biyun suka zo da kansu da takarda, muka rubuta, ladan da wani dattijo suka sa hannu.